Shin Farce da Gashi Suna Ci Gaba da Tsiro Bayan Mutum Ya Rasu?

(Taken shiri, sannan a sassauta shi)

Jama'ar Gumel ta Lautai, da na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar, da 'yan uwanmu na ƙasar Damagaram waɗanda muryarmu ke kai musu, barkanmu da warhaka.

Maganar yau tana da nauyi, domin ta shafi mamaci. Duk wanda aka yi wa rashi a kwanakin nan, Allah ya jiƙan wanda ya riga mu, ya ba ku haƙurin jurewa. Idan da ƙananan yara kusa da rediyo, iyaye su duba ko ya dace su saurara.

Akwai wata magana da takan taso a zaman makoki, ko a majalisa bayan La'asar idan an dawo daga maƙabarta. Sai wani ya ce, ai farcen mamaci da gashinsa ba sa daina tsiro. Wani ya ce kwana uku suke yi, wani ya ce har sai an yi sadakar arba'in. Can sai wani dattijo ya gyara zama ya ce shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya gani: an yi wa mutum aski ranar Laraba, ya rasu daren nan a asibiti can nesa, da aka kawo gawar ranar Juma'a sai ga ƙasumba ta fito, farce kuma ya yi zaƙo-zaƙo.

Amsar ita ce a'a. Da zarar rai ya fita, farce ya gama tsiro, gashi ma ya gama. Amma dattijon nan ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani ya gan shi. Fassarar da aka yi wa abin ita ce ta kauce, kuma ita muke so mu gyara yau.

Mai sauraro, in hannunka ba ya riƙe da komai, ɗaga babban yatsanka ka dube shi. A gindin farcen, daf da fata, za ka ga wani ɗan fari mai siffar jinjirin wata. Wannan shi ne ɗan abin da ido ke iya gani na tushen farce, sauran yana ɓoye a ƙarƙashin fata. A wannan tushe ne kaɗai ake aikin. Ƙwayoyin halitta ne a wurin, ƙanana ƙwarai, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, sababbi suna tura tsofaffi gaba. Waɗanda aka tura sai su cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, su daskare, su mutu. Shi ne sinadarin da ke cikin ƙahon sa da kofaton doki. To, abin da muke kira farce, wanda mai yankan farce ke gyara mana a kasuwa, tarin matattun ƙwayoyi ne. Shi ya sa ake yanke shi ba zafi ba jini, sai fa in aska ta zarce ta taɓa nama.

Haka gashi yake. Kowane sili yana da saiwa a cikin fata, a gindin saiwar kuma akwai 'yan jijiyoyin jini da ke ciyar da ita. Kan mutum yana ɗauke da sili kusan 100,000, kuma duk abin da ya fito waje, wanda wanzami ke askewa ko mai kitso ke kamawa, ba shi da rai. Ran yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Wannan rabuwa da ƙwayoyin ke yi aiki ne mai cin ƙarfi. Tana bukatar sukari daga abincin da muka ci, tana bukatar iskar oksijin da muka shaƙa, kuma jini ne ke kai musu duka biyun. Zuciya ce ke tura jinin. In ta tsaya, babu mai kai saƙo. Ƙwaƙwalwa ita ce ta fi rashin juriya, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta ke fara mutuwa. Ƙwayoyin fata sun fi ta daɗewa, suna iya kai wasu sa'o'i ba su lalace ba, shi ya sa a manyan asibitocin duniya ake iya ɗaukar fatar wanda ya rasu a rufe wa wanda ya ƙone ciwonsa. Amma rashin lalacewa daban, ci gaba da haifar sababbi daban. Ƙwayar da aka yanke wa abinci da iska ba ta da ƙarfin da za ta gina farce.

Bari mu sa lissafi a ciki, domin lissafi yana kashe gardama. Farcen hannun mai rai, lafiyayye, yana ƙaruwa da kamar milimita 3 a wata, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a yini. Kaurin takardar littafi guda ke nan. Na ƙafa bai kai haka ba, kusan rabin wannan yake yi. Gashin kai kuwa kamar santimita 1 a wata. Akwai wani likita a Amurka, William Bean, da ya shafe shekara 35 yana yi wa farcen babban yatsansa alama yana aunawa. Ya wallafa sakamakon a 1980: yana da shekara 32 farcen na ƙaruwa da milimita 0.123 a yini, da ya kai 67 ya ragu zuwa 0.095. Tsufa kaɗai ya rage masa gudu. To ko da a ce, don a ƙure magana, farcen mamaci ya ci gaba da tsiro yini guda cur da irin gudun na mai rai, abin da zai ƙaru bai wuce kaurin takarda ba. Wane ido ne zai ga wannan? Abin da mutane ke gani ya fi haka nesa ba kusa ba, don haka dole wani abu ne daban ya kawo shi.

Kafin mu je ga wannan abin, ga shaida daga jikin masu rai, wadda mata sun fi mu saninta. Yaron da ya yi ƙyanda mai tsanani, ko babba da zazzaɓin taifot ya kwantar, bayan ya warke da wasu makonni sai ka ga wani layi ya gitta faratansa duka, kamar an kurta da wuƙa. Likitoci suna kiran sa layin Beau, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1846. Ma'anarsa ita ce a kwanakin da ciwon ya tsananta, jiki ya dakatar da aikin farce don ya tattara ƙarfinsa wurin ceton rai. Mai jego takan ga gashinta yana zuba wata biyu ko uku bayan haihuwa. Yaron da tamowa ta kama, gashinsa yakan yi laushi, ya yi ja-ja, ya riƙa tsinkewa. Wanda ake yi wa maganin ciwon daji mai ƙarfi, gashin kansa yakan zube. Idan zazzaɓi da yunwa suna iya tsayar da farce su kassara gashi alhali zuciya tana bugawa, ina ga ranar da ta tsaya gaba ɗaya?

(Ɗan gajeren hutu)

Madalla. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan ko farce da gashi suna tsiro bayan mutuwa. Mun ce ba sa yi. Saura mu ga abin da ke sa a zaci suna yi.

Fata ce ke ja da baya. Jikin babban mutum kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. Mai rai yana zubar da ruwa ta gumi da numfashi, yana kuma mayarwa da abin da ya sha. Mamaci yana rasawa ne kawai, ba mayarwa. Wuraren da suka fi saurin bushewa su ne masu siririn nama: kan yatsu, leɓe, hanci, kunne, fatar haɓa. Naman kan yatsa ya tsotse, fatar da ke rufe gindin farce ta janye, sai wani ɓangare na farcen da yake ɓoye a da ya bayyana. Tsawonsa na nan yadda yake, abin da ke kewaye da shi ne ya ragu.

Duk wanda ya taɓa shanya fatar ragon layya ya san wannan. Da safe ka shimfiɗa ta da faɗinta, in ba ka kafe gefunanta ba, kafin kwana biyu ta tattare ta ƙanƙance, gashin kuwa ya miƙe ya yi cirko-cirko kamar an ƙara shi. Masu sayen fata da ƙirgi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba za su ce maka gashin ya tsiro ba. Sun san fatar ce ta shige.

Abin da ke faruwa a haɓar namiji ke nan. Aska tana yanke gashi ne daidai saman fata, sauran silin yana nan a ciki. Fata ta motse, sai guntun da ke ciki ya leƙo. Akwai kuma ƙari. A gindin kowane sili akwai wata 'yar tsoka, ita ce ke aiki idan tsigar jikinka ta tashi don sanyi ko tsoro. Sa'o'i kaɗan bayan mutuwa, idan gawa ta fara sandarewa, waɗannan 'yan tsokoki su ma sukan ɗaure, gashi ya miƙe tsaye. Haɗa wannan da dushewar fuska bayan jini ya sauka daga gare ta, sai baƙin gashi ya ƙara fitowa fili. Mutumin da aka aske sumul sai ya zama kamar ya kwana biyu bai ga wanzami ba.

Yanayin ƙasarmu yana hanzarta abin. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. Da hunturu kuma iska busasshiya ce, ku da kanku kun san yadda leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, alhali muna shan ruwa muna shafa mai. Ɗakin ajiye gawa na asibiti ma, duk da sanyinsa yana hana ruɓewa, iskarsa tana busar da yatsu. Shi ya sa a Turai da Amurka, inda ake ajiye gawa kwanaki kafin a binne, masu shirya gawa suke shafa mata mai a fuska da hannu don kada fatar ta janye.

Ga hanyar da za a gane gaskiyar ba tare da na'ura ba, kuma ina ganin ita ce shaidar da ta fi kusa da mu. Mace ta ƙunsa lalle ya kama farcenta ja wur har gindi. Bayan mako biyu sai ta ga wani farin layi ya fito tsakanin fata da jan lallen. Bayan wata biyu jan ya koma rabin farce, tana yankewa yana ƙarewa, har cikin wata shida ko ƙasa da haka ya fita gaba ɗaya. Wannan shi ne tsiro na gaskiya: jan yana tafiya gaba, yana wuce kan yatsa, ana yanke shi. Haka tawadar da ake shafa wa yara a ɗan ƙaramin yatsa bayan ɗigon foliyo, haka gemun dattijon da ya rina da lalle, furfura takan biyo daga gindi. A jikin mamaci kuwa, jan lallen ba zai matsa gaba ba ko bayan kwana nawa ne. Ɗan farin da zai iya bayyana a gindi, tsohon farce ne da fata ta buɗe, kuma za ka ga fatar wurin ta bushe ta yi tauri, kan yatsan ya tsuke.

To me ya sa maganar ta yaɗu a cikinmu, alhali mu ba ma ajiye gawa? Wanda ya rasu da asuba a Gagarawa ko Sule Tankarkar, kafin rana ta take an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi gidansa na gaskiya. A 'yan sa'o'in nan fata ba ta kai ga janyewar da za a lura ba. A ganina wannan gaggawar ce ma ta sa maganar ta yi ƙarfi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin gawar da ta kwana biyu ba, saboda haka ranar da aka ga guda, abin yakan girgiza mutane, labarin kuma ya zaga gari. Direban da ya yi hatsari a hanyar Legas aka kwana uku kafin a gano danginsa. Makiyayin da ajali ya riska a daji ba a same shi ba sai bayan kwanaki. Matafiyan hamada, irin bayin Allah 92 da aka tsinci gawawwakinsu a arewacin Arlit a watan Oktoba na 2013, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Allah ya jiƙansu. A irin wannan mutuwa, tun kafin rai ya fita jiki ya riga ya bushe. Haka ma tsohon da ya daɗe yana jinya, ko wanda amai da gudawa suka tsotse: yatsunsa sun riga sun rame, ga shi wataƙila an yi wata biyu ba wanda ya tuna ya yanke masa farce. Sai a wurin wanka ne za a dubi hannun da kyau, a karon farko cikin makonni.

Akwai kuma masu haƙar kabari, da waɗanda ke gyaran maƙabarta idan ruwan damina ya rufta da tsofaffin kushewu. Sukan ce sun tarar da gashi, wani lokaci mai yawa. Gaskiya ne. Keratin yana da wuyar ruɓewa, yakan daɗe bayan nama ya tafi. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai gawar wani mutum da aka haƙo a Gebelein ta ƙasar Masar, wanda yashi mai zafi ya busar fiye da shekara 5,000 da suka wuce, har yau da sauran gashi a kansa. Ya daɗe, amma bai ƙaru ba. Kitson da ya warware, ko gashin da ya saki daga fatar kai ya bazu, dole ya yi kama da ya fi yadda aka san shi.

Kada wani ya ɗauka wannan kuskure na mutanen karkara ne ko na waɗanda ba su yi boko ba. A watan Disamba na 2007, mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani rubutu na likitoci biyu daga Jami'ar Indiana ta Amurka, Rachel Vreeman da Aaron Carroll, a kan wasu maganganu guda 7 marasa tushe da har likitoci ke maimaitawa. Tsiron farce da gashi bayan mutuwa yana cikinsu.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Mutum ya yarda ko bai yarda ba, me zai rage? Ku saurari abin da ya faru a wani ƙauye mai suna Kisiljevo a ƙasar Sabiya a 1725. Wani manomi, Petar Blagojevic, ya rasu aka binne shi. Bayan makonni sai mutum 9 suka mutu a ƙauyen cikin kwana 8. Mutane suka ce shi ne yake tasowa da dare yana kashe su. Suka matsa wa jami'in gwamnati da wani limamin coci, aka tone kabarin. Jami'in ya rubuta a rahotonsa cewa gashi da gemu sun tsiro, tsofaffin farata sun zube sababbi sun fito, ga jini a bakinsa. Duk waɗannan abubuwa ne da ke faruwa ga kowace gawa: fata ta janye, saman fata ya saɓule ya tafi da farce ya bar shimfiɗarsa mai santsi kamar sabon farce, iskar da ta taru a ciki ta turo ruwa mai jini ta baki. Su ba su san haka ba. Suka soke gawar da tsinin itace a ƙirji, suka ƙone ta. Irin wannan tone-tone ya yi ta faruwa a yankin har sai da sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, ya nuna babu komai a ciki sai jahilci da tsoro, sannan aka hana.

Mu, alhamdu lillahi, addini ya tsare mu daga taɓa kabari. Amma bai kamata mu yi saurin wanke kanmu ba, domin abin da su suka yi da itace mu mukan yi shi da harshe. Wani ya fito daga ɗakin wanka ya raɗa wa abokinsa cewa farcen marigayi ya yi tsawo ya yi baƙi, bayansa duk ya yi duhu. Kafin a yi sadakar uku maganar ta zama wai ya yi mummunan ƙarshe, ko wai sammu aka yi masa, ko wai kurwarsa aka kama. Daga nan sai a fara kallon kishiya, ko wata tsohuwa a unguwa da ba ta da mai tsaya mata, a laƙa mata maita. Gidaje sun rabu a kan abin da bai kai wannan ba. Alhali duhun bayan nan jini ne da ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa bayan zuciya ta daina tura shi, kuma yana faruwa ga salihi da fajiri. Duhun farce ma jinin da ya rasa iska ne. Ɗan sautin da kan fita idan an juya gawa, iska ce da ta rage a ƙirji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ba da labarin yadda mutum ya zauna da Ubangijinsa.

A nan ina so in ja layi a fili. Abin da ke faruwa ga rai a barzahu, da abin da ya zo a hadisi cewa ƙasa ba ta cin jikin Annabawa, da labarin Jabir ɗan Abdullahi wanda ya ɗauke mahaifinsa, shahidin Uhudu, daga kabari bayan wata 6 ya same shi kusan yadda ya sa shi, duk wannan fagen malamai ne, kuma shirin nan bai taɓa shi ba. Waɗancan riwayoyi suna magana ne a kan kiyaye jiki daga lalacewa. Tsiron farce wata magana ce dabam, kuma ba rukunin imani ba ce. Wanda ya bar ta bai bar komai na addininsa ba.

Abin da fiƙihu ya tanada kuwa a sarari yake. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Gumel kamar ko'ina a ƙasar Hausa, hukuncin shi ne ba a yanke wa mamaci farce, ba a aske masa gashi. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa in wani abu ya faɗo daga jikinsa wurin wanka, a haɗa shi cikin likkafani. Wasu mazhabobin suna da wata fahimta, amma wannan ita ce wadda aka saba da ita a nan. Don haka mai wanka, in ka ga farce ya yi tsawo, ka wanke dattin da ke ƙarƙashinsa a hankali ka bar shi. Gashin mace kuma a wanke, a kama shi gida uku, kamar yadda Ummu Aɗiyya ta ba da labarin an yi wa 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Akwai wani tsoro da ke ɓoye a ƙarƙashin wannan tambaya, na san da shi, kuma ba na raina shi. Uwa takan kwana tana tunanin ko ɗanta doguwar suma ya yi aka binne shi da sauran rai, musamman in ta ji an ce gemunsa ya fito. Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, fitowar ƙasumba ba alamar rai ba ce. Amma tsoron yana nuna mana wani aiki da ya kamata mu riƙa yi. Gaggauta jana'iza sunna ce bayan an tabbatar da mutuwa. Malaman fiƙihu da kansu sun ce a jinkirta wa wanda ya nutse a ruwa da makamantansa har sai an sakankance. Wanda ya yanke jiki ya faɗi, ko mai ciwon sukari da ya sume, ko wanda wutar lantarki ta ja, ko yaron da aka tsamo daga kududdufi, kada a wadatu da taɓa ƙirji da kara kunne. A nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa, ko na ƙaramin asibitin gari, ko a kai shi Babban Asibitin Gumel, a sa abin sauraren zuciya, a haska ido. Minti goma na dubawa ba zai hana a sallace shi a kan lokaci ba.

Farcen da ya kamata ya dame mu shi ne na mai rai. Hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya sa iyakar kwana 40 ga yanke farce da rage gashin baki, kuma a kwana 40 farcen hannu yakan ƙaru da kamar milimita 4, wanda ya isa ya tara datti da ƙwan tsutsar ciki ya kai su baki. Ku duba hannun yaranku kafin su sa shi a kwano. In za ku je wurin mai yankan farce ko wanzami, ku tafi da rezarku ko ku sa a buɗe sabuwa a gabanku, domin ciwon hanta yana bin aska daga jini zuwa jini. Sannan ku duba hannun tsofaffinku da ke kwance. Baba ko Inna da ciwo ya kayar, idonsu ya yi rauni, hannu yana rawa, ba za su iya yanke wa kansu ba, kuma kunya ba za ta bar su su roƙa ba. Ɗa ko jika ya zauna ranar Juma'a da ruwan ɗumi, ya jiƙa musu yatsu, ya yanke a hankali, ya shafa musu mai.

Ku kuma masu wankan gawa, maza da mata, limamai da ladanai da unguwarzoma da dattawan unguwa da ake kira idan an yi rashi, ku ne kuka fi kowa ganin waɗannan abubuwa, kuma maganarku ake ɗauka. Amana ce aka ba ku. Abin da kuka gani a ɗakin wanka ku bar shi a ɗakin. In wani daga cikin dangi ya gani ya firgita, ku ja shi gefe ku gaya masa cewa fata ce ta bushe, haka take yi wa kowa, sannan ku ce ya yi wa mamacinsa addu'a.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da ita ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.